Firjin sola ko na lantarki: wanne ya dace da allurar rigakafi a asibitinku?

Idan attajirin gari, ko ɗan majalisa, ko kwamitin ci gaban mazaɓa ya tashi zai taimaka wa asibitin sha-ka-tafi da firjin ajiye allurar rigakafi, abin da yake fara zuwa masa a rai shi ne firjin kasuwa, irin wanda ake sanya ruwa da lemo a gida. Niyya ce mai kyau, Allah ya saka da alheri. Sai dai firjin gida yana cikin abubuwan da suka fi lalata allura ba tare da kowa ya farga ba. Maganar nan ta shugabannin ƙananan asibitoci ce, da masu asibitocin kuɗi da suke yin rigakafi, da duk wanda zaɓin ya faɗo hannunsa. Zaɓi biyu ne a gabanku: abin da za a ajiye allurar a ciki, da abin da zai riƙa shaida muku halin da take ciki dare da rana.

A matakin asibiti, allurar rigakafi tana zama ne tsakanin digiri 2 zuwa 8 a ma'aunin Salshiyos. Kowa ya haddace wannan. Abin da ba kowa ya riƙe ba shi ne, iyakar ƙasa ta fi ta sama haɗari. Zafi yana cin ƙarfin allura a hankali, musamman ɗigon shan-inna, da allurar ƙyanda, da BCG ta tarin fuka, da ta shawara, kuma akwai alama a jikin kwalba da take tona asirinsa. Daskarewa kuwa sau ɗaya take yi ta gama. Penta mai tare cututtuka biyar, da allurar ciwon hanta, da Td ta tetanus da mashaƙo, da PCV ta ciwon huhu, da HPV ta sankarar bakin mahaifa duk suna ɗauke da sinadarin alminiyam wanda yake taimaka wa jiki ya karɓi rigakafin. In suka daskare, sinadarin yana dunƙulewa, kamar madarar da ta tsinke, ba ta komawa yadda take ko da an kaɗa. Kwalbar za ta narke, ta koma ruwa, a ido ba abin da ya same ta, a ɗauka a yi wa jariri, uwa ta koma gida da kati a hannu tana ganin ɗanta ya samu kariya. IPV, wato rigakafin shan-inna da ake tsirawa ba ɗigawa ba, ita ma ba ta jure daskarewa.

Wannan ba matsalar ƙasashe matalauta kaɗai ba ce. Wani nazari da aka buga a mujallar Vaccine a 2007, wanda ya tattara bincike daga ƙasashe masu arziki da marasa shi, ya nuna cewa tsakanin kashi 14 zuwa 35 cikin 100 na firji da jigilar allurar da aka duba sun kai ta ga sanyin daskarewa. Mu a nan Arewa abin ya fi shafarmu ta wata fuska. Tun ƙarshen 2022 mashaƙo ya ɓarke a Najeriya, kuma Kano ce ta fi jin jiki. Babban dalilinsa shi ne yaran da ba a taɓa yi musu allura ba, wannan ba a jayayya a kansa. Amma allurar da take tare mashaƙo, Penta ga jarirai da Td ga manya, tana cikin waɗanda ƙanƙara take kashewa. An sha wahala kafin a shawo kan uba ya yarda a kawo ɗansa sati na 6 da na 10 da na 14. Zalunci ne a ce bayan duk wannan abin da aka tsira wa yaron ya riga ya mutu a firji.

Firjin gida, da na kananzir

Firjin gida an ƙera shi ne don abinci, wanda ba ruwansa da ko sanyi ya sauka zuwa sifili na awa biyu. Bangonsa siriri ne, ƙofarsa ta gaba ce, da an buɗe iska mai sanyi take zubewa ƙasa. In aka ɗauke wuta a watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri, inda zafi yake wuce digiri 40, cikin awanni kaɗan ya haura 8. Daga nan sai abin da ya fi muni ya biyo baya: ana dawo da wuta, ma'aikaci cikin tsoron kada allura ta lalace sai ya murɗa maɓallin sanyi zuwa ƙarshe, ya tashi aiki ya tafi gida. Kafin asuba duk kwalbar da take jingine da bangon baya ta zama ƙanƙara. Haka kuma maɓallin da aka saita lokacin bazara, in ba a lura ba, shi ne zai daskarar da kaya a dararen hunturu.

Ƙaramin firji mai ƙofa ɗaya, wanda gidan ƙanƙararsa yake ciki tare da sauran kaya, wannan kam kada ma a kawo shi cikin lissafi. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta hana ajiye allura a cikinsa ko da na ɗan lokaci ne, alhali su wutarsu ba ta yankewa kamar tamu. Babba mai ƙofa biyu, in babu yadda za a yi kafin na ƙwarai ya iso, a jera allura a tsakiya, a bar tazara tsakaninta da bango, a cika ƙofa da can ƙasa da gorunan ruwa don su riƙe sanyi, kada a sa kwalba ko ɗaya a jikin ƙofa. Wannan lallaɓawa ce ta wucin gadi, ba tsarin da za a zauna a kai ba.

Amma ba na cewa a mayar wa mai kyauta da kyautarsa. Firjin gida yana da aiki babba a asibiti: shi zai ɗauke insulin, da kayan gwajin jini, da ruwan shan ma'aikata, don a bar firjin rigakafi da abin da aka yi shi dominsa. Cakuɗa magunguna a wuri ɗaya ya taɓa jawo asarar rai. A 2014, a arewacin Siriya, yara 15 sun rasu bayan an haɗa allurar ƙyanda da maganin sassauta jijiya da ake amfani da shi wajen tiyata, a maimakon ruwan haɗinta, kuma a firji ɗaya aka ajiye su. Oksitosin na masu haihuwa ne Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, da UNICEF suka amince a ajiye tare da rigakafi, shi ma da sharaɗin a ware shi, a rubuta sunansa ɓaro-ɓaro.

Firjin kananzir da na gas sun yi zamaninsu, sun kuma yi wa ƙauyuka hidima lokacin da babu wani abu. Suna bukatar gyaran lagwani, da share bututun hayaƙi, da kananzir mai tsabta, kuma daidaita sanyinsu wahala ne da shi. Wanda yake da shi yana aiki ya ci gaba da kula da shi har a samu canji. Sabo dai kada a saya.

Na lantarki mai bangon ƙanƙara

Wannan shi ne wanda ma'aikata suke kira ILR. Yawanci akwati ne mai murfi a sama, an zagaye cikin bangonsa da ruwa wanda yake daskarewa lokacin da akwai wuta, in an ɗauke kuma ƙanƙarar ta ci gaba da riƙe sanyi. Waɗanda suka samu shiga kundin PQS na WHO, wato jerin kayan da hukumar ta gwada ta amince da su, ana gwada na yankuna masu zafi ne a ɗaki mai digiri 43. Wutar awa 8 cikin awa 24 ta ishe shi, kuma in ta yanke gaba ɗaya zai riƙe allura ƙasa da digiri 10 na aƙalla awa 20, wasu samfuran ma kwanaki suke yi. Ya fi na sola araha nesa ba kusa ba, girka shi ba wuya, masu gyaransa sun fi yawa, kuma ana samun manya masu ɗaukar kaya da yawa. Ga babban asibiti a cikin birni, ko ma'ajiyar ƙaramar hukuma mai janareta tsayayye, shi ne zaɓin da ya dace.

Matsalarsa tana cikin kalmar nan ta awa 8. Ba awa 8 ɗin da ake samu a mako mai kyau ake nufi ba, kullum ake nufi, har da damina lokacin da iska ta kayar da turakun wuta, har da watan da taransifoma ta ƙone unguwa tana ta karo-karo. Kuma wuta mai ƙarfi ake nufi. Wutar da take zuwa fitila tana ja-ja-ja ba ta iya tayar da injin firji, sai dai ta gajiyar da shi har ya ƙone, shi ya sa ILR ba ya zama ba tare da sitabilaiza tasa ta kansa ba. Wanda ya ce zai cike giɓin da janareta, ya zauna ya lissafa kuɗin mai na shekara tun bayan cire tallafi a watan Mayun 2023, ya kuma faɗi daga aljihun wa zai fito. A watan Oktoban 2024 yawancin jihohin Arewa sun shafe fiye da mako guda cikin duhu bayan manyan layukan wuta sun samu matsala. Yawancin ILR ba za su tsallake irin wannan su kaɗai ba.

Abu na biyu, tsofaffin samfura suna daskarar da abin da ya taɓa bango ko ya sauka can ƙasa. Kwandunan ƙarfen da suke zuwa da shi ba ado ba ne, su suke raba kwalba da bangon ƙanƙara. Sau da yawa za ka tarar an cire su an jingine a lungu don a samu wurin cusa kayan kamfen ɗin rigakafi. Ƙa'idar ita ce Penta da Td da PCV da IPV da HPV su zauna a kwandon sama, ƙyanda da BCG da ɗigon shan-inna su sauka ƙasa. Sababbin samfura akwai masu darajar A wajen kariya daga daskarewa, ma'ana ƙirarsu ce take hana hakan ko ma'aikaci ya yi kuskuren jeri. In za ku sayi ILR, ku nemi wannan darajar a rubuce. A ganina bambancin kuɗin bai kai darajar abin da take karewa ba.

Na sola, mai batir da marar batir

Firjin sola na farko-farko da batir yake aiki: farantin sola ya caja batir da rana, batir ya riƙe firji da dare. Duk wanda ya zagaya asibitocin karkara ya ga gawarwakinsu. Firjin lafiya lau, faranti lafiya lau, batir ne ya mutu bayan 'yan shekaru saboda zafi, ba a ware kuɗin sauya shi ba, ko kuma wani ya cire shi ya kai gida. Daga ranar sai firjin ya koma kabad na ajiye fayil.

Wanda ya maye gurbinsa shi ne marar batir, wanda ake kira SDD. Wuta daga faranti take tafiya kai-tsaye zuwa injin, injin ya daskarar da ruwan da yake ɓoye a jikin firjin, wannan ƙanƙarar ita ce ma'ajiyar sanyin da za ta kai shi safiya. Ƙa'idar WHO ta ce ya iya riƙe allura aƙalla kwana 3 ko rana ba ta fito sosai ba. Kamfanoni irin su Haier, da B Medical Systems, da Vestfrost, da Dulas duk suna da samfura a kundin PQS. Shirin Gavi, ƙawancen rigakafi na duniya, na tallafa wa ƙasashe da kayan sanyi, wanda Najeriya ta amfana da shi ta hannun hukumar lafiya a matakin farko ta ƙasa, ILR da SDD yake biya wa kuɗi, ba ya biyan na kananzir ko na batir. Wannan kaɗai ya isa ya nuna inda masana suka karkata.

Ga asibitin da wutarsa ba ta da tabbas, SDD nake ba da shawara, ba tare da wata-wata ba. Ba kuɗin mai, ba batir, ba jiran a gyara taransifoma. Amma a san abin da ake ɗauka, don shi ma yana da nasa halin.

Yana da tsada a farko, kuma rabin ingancinsa a hannun mai girkawa yake. Faranti zai fuskanci kudu, a ɗan karkace, a wurin da inuwa ba ta faɗa masa daga hantsi zuwa la'asar. Darbejiyar da take ƙarama ranar da aka girka, bayan shekara biyu reshenta ya rufe kusurwar faranti, kuma inuwar kusurwa ɗaya tana iya rage wutar sosai. Sai ƙura. Lokacin hunturu hazo yana rage hasken rana, ƙura kuma tana kwanciya a kan gilashi, abu biyu a lokaci guda. Dole a samu mutum takamaimai, da tsani, da tsumma mai laushi, da ruwa, wanda aikinsa ne ya wanke faranti da sassafe kafin ya yi zafi. In aka bar wa kowa, ba wanda zai hau. Sai ɓarayi, wanda maganinsu ƙusoshin da ba sa kwancuwa da sauƙi ne da kuma mai gadi da jama'ar gari suka san da zamansa.

Akwai wata ɓarna da ba ɓarawo ne yake yin ta ba. Asibiti ba fitila, ana karɓar haihuwa da tocilan, ga faranti a kan rufi, sai a kira mai gyaran wuta na gari ya jona waya don a samu haske da cajin waya. Bukatar gaskiya ce, ba na raina ta. Amma wutar an auna ta ne daidai da firjin, abin da aka janye daga ƙanƙarar dare aka janye shi. Wasu samfuran suna zuwa da na'urar da take ba da rarar wuta ga fitila da caji bayan firji ya ƙoshi. In kun san asibitinku ba haske, ku nemi irin wannan tun farko, ko a yi wa ɗakin haihuwa ƙaramar sola tasa daban.

Sannan SDD ba ya son gaggawa. Sabo, ko wanda aka kashe aka sake kunnawa, yana ɗaukar kwanaki kafin ƙanƙararsa ta haɗu. Kuma ba kowanne ne yake da ɓangaren daskarar da fakitin ƙanƙara ba. Asibitin da ma'aikatansa suke fita rigakafi ƙauyuka da rugage a kan babur, in ya karɓi wanda ba shi da wannan ɓangaren, zai ajiye allura lafiya amma ba shi da abin da zai fita da ita. Wannan tambayar ana yawan mantawa da ita sai bayan mota ta sauke kaya ta tafi.

Yadda za ku yanke

Kafin a je ga kowane dillali, a samu littafi a ajiye wa mai gadi da ma'aikacin dare, a riƙa rubuta lokacin da wuta ta zo da lokacin da ta tafi, na tsawon makonni, har da ranakun da ta zo ba ƙarfi. A yi hukunci da mako mafi muni. In a wannan makon ma ana samun awa 8 kullum, ILR mai darajar A da sitabilaiza ya wadatar, rarar kuɗin a sayi akwatin sanyi da na'urar sa ido. In ba a samu, SDD. Wanda yake tsaka-tsaki, wata rana awa 12 wata rana babu, ni dai sola zan ce masa, domin ranar babu ita take kashe allura.

Sai girma. A duba litar da allura za ta iya zama a ciki, ba girman akwatin gaba ɗaya ba, lambobin biyu sun bambanta. Kuma a sayi wanda ya ɗara bukatar yau. Jadawalin rigakafin Najeriya ƙaruwa yake yi: Penta ta shigo a 2012, PCV daga 2014, IPV a 2015, ta gudawar rota a 2022, HPV ta 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 a 2023, ta zazzabin cizon sauro kuma aka fara da Kebbi da Bayelsa a Disambar 2024. Kowacce wuri take nema. Firjin da aka cusa har iska ba ta zagayawa, sanyinsa ba ya daidaita, kuma cunkoso ne yake sa a cire kwanduna.

Ba kowane ƙaramin asibiti ne yake bukatar firji ba. Wanda yake rigakafi sau ɗaya a mako, kuma asibitin mazaɓa mai SDD yana kusa, ya fi masa sauƙi ya karɓo da safe a kula ya mayar da ragowar da yamma. Akwai kuma akwatuna irin Arktek, masu riƙe sanyi kusan wata guda da ƙanƙara kawai, ga wurare masu nisa da yara kaɗan, in akwai inda za a riƙa samo ƙanƙarar. Amma duk inda mata suke haihuwa, ina ganin firji ya zama dole, saboda allurar ciwon hanta ta farko an fi son a yi ta cikin awa 24 da haihuwa, kuma jariri ba ya jiran ranar rigakafi.

Abin da zai riƙa sa ido

Ma'aunin zafi na gilashi yana faɗin gaskiya, amma gaskiyar daƙiƙar da ka duba shi kawai. Ana dubawa da safe da yamma, a rubuta a takardar da take manne a jikin firji. Tsakanin tashi aiki da dawowa, da ranakun Asabar da Lahadi, da hutun Sallah, ba wanda ya san abin da ya faru. Firji yana iya sauka ƙasa da sifili da tsakar dare ya dawo digiri 4 kafin ƙarfe 8. Ma'auni mai hannu kamar agogo kuwa, WHO ta daina ba da shawararsa domin yana kaucewa daga daidai ba a sani ba. Na gilashi a bar shi a matsayin na ko-ta-kwana.

Alamar VVM da take jikin kwalba, da'ira mai murabba'i a tsakiya, an fara sa ta a ɗigon shan-inna a 1996, kuma ta ceci allura mai yawa daga zubarwa a banza. Muddin murabba'in ya fi da'irar haske, kuma wa'adi bai ƙare ba, ana amfani da kwalbar. In launinsu ya zo ɗaya ko murabba'in ya fi duhu, an zubar. Tana tara duk zafin da kwalbar ta sha tun daga masana'anta. Amma ba ta san ƙanƙara ba. Penta da ta daskare sau uku, VVM ɗinta fari tas zai nuna. Wanda ya dogara da ita kaɗai ya tsare ƙofa ɗaya ya bar ɗayar a buɗe.

Saboda haka gasar gaskiya tsakanin abu biyu take: na'urar da take ajiye tarihin kwana 30, da na'urar da take aika saƙo ta waya.

Ta farkon, wadda aka fi sani da Fridge-tag ta kamfanin Berlinger, 'yar ƙarama ce kamar wayar hannu, ana kwantar da ita a kwando tare da allurar da take tsoron daskarewa. Tana auna sanyi ba dare ba rana. In komai lafiya, alamar daidai ce a fuskarta. In zafi ya wuce digiri 8 na awa 10 a jere, ko sanyi ya sauka ƙasa da rabin digiri a ƙarƙashin sifili na minti 60, sai ta nuna alamar gargaɗi, kuma ba ta gogewa don wani ya so. Ka danna maɓalli ka ga mafi zafi da mafi sanyin jiya, da shekaranjiya, har kwana 30 baya. Ba ta bukatar sabis, ba kuɗin wata-wata. Rauninta biyu ne. Ba ta kiran kowa, sai an zo an duba, don haka abin da ya faru daren Juma'a sai Litinin a gani in ba mai leƙowa. Kuma batirinta ba a sauya shi, in ya ƙare bayan 'yan shekaru sabuwa ake nema, don haka a rubuta ranar da aka kunna ta a nemi madadinta kafin fuskarta ta mutu.

Ta biyun, irin ColdTrace ta Nexleaf, tana da layin waya a ciki. Sanyi yana kaucewa take tura saƙo ga shugaban asibiti da jami'in sanyi na ƙaramar hukuma, kuma daga ofishin jiha ana iya ganin firjin da ya fara ciwo kafin ya mutu. Wannan fa'ida ce babba, domin tana ba da damar ceto, ba labarin asara kawai ba. Amma tana son sabis mai ƙarfi, da kuɗin rajista da za a ci gaba da biya bayan masu tallafi sun tafi, da mutumin da in saƙo ya shigo ƙarfe 2 na dare yana da makulli da abin hawa da wurin da zai kai allurar. In babu wannan mutumin, saƙonni taruwa za su yi a waya har a daina buɗe su.

Hukuncina a nan: kowane firji da allura take kwana a ciki, na gwamnati ko na kuɗi, ya samu na'urar kwana 30. Mai aika saƙo a ƙara ta a ma'ajiyar jiha da ta ƙaramar hukuma, da manyan asibitoci, da asibitin da yake riƙe wa mazaɓa gaba ɗaya, inda asarar dare ɗaya za ta shafi yara da yawa. Kuma ko wacce aka sa, duba na safe da yamma yana nan, har ranakun hutu. Takardar da aka cika da 5, 5, 5 daga farkon wata zuwa ƙarshe da biro ɗaya ba ta kare kowa. Firji mai rai lambarsa tana motsi. Shugabanni su ma su sani, in ana hukunta wanda ya rubuta 9 ko 1, to an koya wa kowa ya rubuta 5. Wanda ya kawo rahoton gargaɗi da wuri shi ya cancanci yabo. Kuma in an ga 1 ko sifili, ba sai an jira alama ta fito ba, a ɗauki mataki tun a nan.

In gargaɗin sanyi ya fito

A ware allurar da ake zargi a cikin sanyi, a rubuta kada a taɓa, a kira jami'in ƙaramar hukuma. Kwalbar da aka gani a daskare ƙiri-ƙiri ba ta bukatar gwaji, ta tafi. Sauran masu alminiyam ana yi musu gwajin girgizawa. A ɗauki kwalba ɗaya daga kamfani ɗaya da rukuni ɗaya da waɗanda ake zargi, a rubuta mata alama, a sa ta a firiza ta kwana har ta zama dutse, a fito da ita ta narke da kanta. A riƙe ta tare da wadda ake zargi a hannu ɗaya, a girgiza da ƙarfi daƙiƙa 10 zuwa 15, a ajiye su gefe da gefe a kan tebur inda haske yake ratsa su ta baya, a zuba ido. Wadda aka daskarar da gangan za ka ga gari-garinta yana sauka da sauri, samanta yana washewa. In wadda ake zargi ta daɗe a gauraye kamar gajimare, tana sauka a hankali, lafiyarta ƙalau. In suna sauka tare, ko ta riga ta, ta lalace. Gwajin ba ya aiki a kan IPV, domin ba ta da sinadarin da yake kwanciya, hukuncinta sai a bar wa jami'i bisa abin da na'ura ta nuna.

Kular fita ma wuri ne da ake asara bayan firji ya yi aikinsa. Fakitin da aka ciro daga firiza yana ƙasa da sifili sosai, in aka jera Penta a jikinsa kafin a isa ƙauye ta daskare. A shimfiɗa fakitin a kan tebur, a jira har ya fara gumi, a ɗaga a girgiza kusa da kunne. Sai an ji ruwa yana motsi a ciki sannan a jera. Yanzu akwai kuloli masu shinge tsakanin ƙanƙara da allura, waɗanda ake sa fakiti kai-tsaye daga firiza. Sun ɗan fi nauyi, amma in ana sayen sababbi su za a nema.

Ranar da aka kawo firji, kafin shugaban asibiti ya sa hannu a takardar karɓa, ya ga lambar PQS ta samfurin, da takardar garanti mai nuna shekarunta da abin da ta ƙunsa, da lambar wayar mai gyara wanda zai zo in an kira. A koya wa aƙalla ma'aikata biyu, don canjin wurin aiki kada ya tafi da ilimin. A manna takarda a bango mai sunan asibiti mafi kusa da yake da firji mai aiki, da wanda za a kira, da inda akwatin sanyi da fakitinsa suke. Sannan a kunna firjin ba komai a ciki sai na'urar kwana 30, a bar shi har ta nuna ya zauna tsakanin 2 da 8 dare da rana na 'yan kwanaki a jere, kafin kwalbar farko ta shiga.